Tambaya: mun samu zaure da kwali biyu na littattafai, ta ina za mu faro wa ƙananan yara karatu?

Ɗan Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyar matasan unguwarmu a nan cikin birnin Katsina ta samu aron zaure daga hannun wani dattijo, wani bawan Allah kuma ya aiko mana da kwali biyu na littattafai. Niyyarmu mu buɗe ɗan wurin karatu na yara 'yan shekara 3 zuwa 8, saboda a layinmu akwai yaran da suka kai aji uku na firamare amma ko sunansu aka rubuta masu ba su gane shi. Da muka buɗe kwalayen sai muka tarar kusan duka Turanci ne, har da na 'yan sakandare. Zauren yana cin tabarma uku, daɓen siminti ne amma ginin ƙasa ne, babu wuta. Mu shida ne masu sa kai, kuma babu malamin makaranta ko ɗaya a cikinmu. Ɗan kuɗin da muka tara ba shi da yawa, wasu sun ce a kira kafinta ya yi kanta da benci, wasu sun ce a sayo littattafai. Don Allah masana, me ya kamata mu fara yi? Ina ake samun littattafan Hausa na ƙananan yara? Laburaren gwamnati kuma yana da abin da zai iya yi mana?

Malamar Aji Ɗaya

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka maku da alheri. Ku bar kafinta tukuna. Ɗan shekara huɗu a tabarma ya fi sakewa, benci kuwa cinye maku wuri zai yi. Abin da zai sa zauren nan ya yi amfani shi ne a samu babba da zai riƙa zama a rana sananniya, lokaci sananne, ya karanta wa yara da Hausa, ya kuma nuna masu yadda abin da baki ya furta yake komawa rubutu. Kanta za ta iya jira.

Ku raba yaran gida biyu. 'Yan shekara 3 zuwa 5 ba a tsare su da baƙi da wasali. Nasu shi ne tatsuniya, waƙa, kacici-kacici, da riƙe littafi su buɗe shafi da hannunsu har su san ina ne gabansa, ina ne bayansa. Minti 20 zuwa 25 ya ishe su. 'Yan 6 zuwa 8 su ne za a yi wa karatun sauti, na minti 45. Kada rukuni ya wuce yara 15 zuwa 20 ga mutum biyu: ɗaya yana gaba, ɗaya yana zaune cikin yara yana lura da wanda aka bari a baya.

Babban abin da ke ɓata karatun yaranmu shi ne fara masu da "ey, bi, si, di". Waɗannan sunayen haruffa ne a Turanci, ba sautinsu ba ne a Hausa. Yaron da aka ce masa wannan "si" ne, wancan kuma "ay", in ka rubuta masa ci, me zai haɗa? Sai dai ya zuba maka ido. Alhali rubutun Hausa yana da sauƙin da na Turanci ba shi da shi: kusan kowane harafi sauti ɗaya yake bayarwa duk inda ya faɗo. Yaron da ya riƙe wasula biyar da baƙaƙe goma da kyau zai karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Turanci zai zo daga baya, kuma ya fi zama a kan yaron da ya riga ya gane dabarar haɗa baƙi da harshen da yake ji.

Kada ku bi jerin a, b, c. Ku fara da haruffan da za su ba ku kalma tun makon farko, kamar a, n, k, m. Da waɗannan huɗu kaɗai kuna da nama, kaka, mama, kama, nan, kan, har da jimla irin "Mama na nan". M da n suna januwa, "mmm", "nnn", don haka yaro yana jin yadda suke zubowa cikin a su zama ma da na. Su b, d, k, t ba sa januwa, saboda haka kai tsaye a gaɓa ake koyar da su: ka, ki, ku. Sabon harafi biyu a mako ya isa, da bitar na baya a kowane zama.

Kayan aikin a cikin kwalayen da aka kawo maku littattafan suke. Ku yanka kwalin girman tafin hannu, ku rubuta gaɓa ɗaya a kowane yanki da baƙar maka, da ƙananan haruffa. Ba yaro na da ma ya jera nama, sannan ka juya su ka ce ya karanta. In ya ce mana, ya fara karatu. In ya sake cewa nama, hadda ya yi. Wannan shi ne tarkon karatun amshi: malami ya ce "ba, be, bi, bo, bu", yara su ɗauka gaba ɗaya, zaure ya cika da murya, kowa ya ji daɗi, amma ka nuna wa yaro ɗaya bo shi kaɗai sai ya faro daga ba yana ƙirgowa. Maganinsa a riƙa cakuɗa katunan, a kuma riƙa tambayar yaro ɗai-ɗai bayan an yi tare.

Rubutu kuma da yatsa ake farawa, a tire mai yashi, sannan alli a ɗan katakon da aka shafa wa baƙin fenti. Fensir da littafin rubutu su ne na ƙarshe. Juya b da d a wannan shekarun ba abin tsoro ba ne, amma kada ku koyar da su mako ɗaya, kuma kada ku kawo ɓ da ɗ sai b da d sun zauna. Idan lokacin masu lanƙwasa ya zo, ku kawo su da kalmomi biyu-biyu da yaro ya sani: baki da baƙi, kasa da ƙasa, bari da ɓari. Su sh, ts, ky, gw, ƙw a kati ɗaya ake rubuta su, a koyar da su a matsayin sauti guda. Inda yara suka fi tuntuɓe bayan nan shi ne gaɓa mai rufe da baƙi, irin han-nu, bab-ba, san-da. Tafi yana taimakawa: a furta kalmar ana tafa kowace gaɓa kafin a nuna rubutunta.

Abu biyu ku sani game da rubutun namu. Ba a nuna tsawon wasali, don haka gari na tuwo da gari na mutane rubutunsu ɗaya, jimla ce ke raba su, shi ya sa ba a daɗewa a kan kalmomi tsirara. Na biyu, ɗan Katsina a gida "tahi" da "hwaɗi" yake ji, littafi kuma tafi da faɗi zai nuna masa. Kada a ce masa maganar gidansu kuskure ce. A ce masa haka ake rubutawa, shi ke nan.

Karanta labari da murya shi ne bai kamata ya faɗi ba ko da an rasa lokacin komai. Mai karatun ya karanta littafin shi kaɗai tun a gida. Ya juya hoton wajen yara, ya bi layi da yatsa. Kafin ya buɗe shafi na gaba ya tambaya: me kuke jin akuyar nan za ta yi? Banda "kun gane?", domin amsarta kullum "eee" ce. Labari ɗaya a maimaita shi sau uku ko huɗu ba laifi, yara da kansu za su nema.

Ma'aikacin Laburare

Malam, Malama ta gama da gindin aikin, ni ɓangaren littattafan zan taɓa. Ku zazzage kwalayen a tabarma ku tace su, ba tare da jin nauyin wanda ya bayar ba. Na sakandare ku miƙa wa makarantar da ke kusa da ku. Na Turanci masu manyan hotuna da rubutu kaɗan ku riƙe: mai karatu ya ba da labarin da Hausa daga hoton, ko ku rubuta jimlar Hausa a siririyar takarda ku liƙa ƙarƙashin ta Turancin. Wanda ya yi funfuna ko gara ta fara ci a raba shi da sauran tun yau. Littafi 40 da yara za su iya ɗauka sun fi 300 da aka jera don baƙi su gani.

Tunda ginin ƙasa ne, gara ce abokiyar gabarku ta farko, kuma kantar katako a jikin bango gayyatarta ce. Ku sayi akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, ku ɗora shi kan bulo biyu, ku bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Duk mako a leƙa bayansa. In an ga siririyar hanyar ƙasa tana hawa bulo ko bango, a kankare ta nan take. Da damina a duba rufi kafin ruwan farko, kuma bayan kwana biyu ana ruwa a buɗe akwatin a sha wa littattafan iska a inuwa, domin rana tana lanƙwasa bangon littafi ta busar da gam. Busasshen ganyen bedi a ƙasan akwati yana rage ƙwari. Ƙwallon kafur kuwa kada ya shiga zauren nan, yaro alawa zai ɗauke shi.

Ranar karatu littafi ba ya zama a akwati. Ƙaramin yaro da hoton bangon littafi yake zaɓa, don haka jerin da gefen littafi kawai ake gani ba nasa ba ne. Ku kai wa tela yadi biyu na kauri ya ɗinka maku aljihuna layi uku, kowane aljihu ya rufe rabin littafi kawai, ku rataya daidai tsayin yaro. An tashi a naɗe.

Ku raba littattafan hawa uku da salatif mai launi a gefe: kore ga mai hoto da layi ɗaya, rawaya ga mai jimla uku zuwa biyar a shafi, ja ga mai dogon labari. Yaro ya buɗe shafi ɗaya ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwashe yatsa ɗaya. In hannu ya dunƙule kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, a karanta masa shi, a ba shi na ƙasa da shi ya karanta da kansa.

Aron gida ku fara shi bayan kamar wata guda, lokacin da kuka san fuskoki da gidaje. Kowane littafi a ba shi lamba a bango da shafin farko. Rajista babban littafin rubutu ne mai layi biyar: suna, gidan wa, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. Littafi ɗaya, mako ɗaya, cikin leda. Wasu za su yage, wasu za su dawo da tabon miya, wasu ba za su dawo ba. Ku sa wannan a lissafi tun yanzu. Ranar da kuka sa tara ko kuka aika gida a biya, ranar uwa za ta hana ɗanta sake ɗauka, kuma gidajen da suka fi buƙata su ne za su fara janyewa. Masu tsada kawai za ku hana fita.

Batun gwamnati: akwai hukumar laburare ta jihar Katsina. Ku je da takarda a rubuce, da sa hannun mai unguwa, ku nemi ganin mai kula da sashen yara ko shugaban sashen masu karatu. Kada ku je da roƙon kuɗi. Ku nemi abin da ma'aikaci zai iya cewa to a kansa: a nuna wa mutum biyu daga cikinku yadda ake rajista da gyaran littafi, a ba ku rana ku kawo yara ziyara, sannan ku tambaya ko za a iya ba ƙungiya aron littattafai da yawa a lokaci ɗaya. Ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ma ku leƙa. An gudanar da shirin RANA na koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa a Katsina da Zamfara tare da UNICEF tun wajen 2015, kuma malaman da suka samu wannan horo suna nan a makarantu. Ɗaya daga cikinsu ya zauna da ku shida yini biyu ya fi maku kwali goma. Ɗaliban sashen Hausa na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ma ana iya gayyatarsu.

Littattafan Hausa na kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya ana samunsu a shagunan littattafai, sai dai yawancinsu na wanda ya riga ya iya karatu ne, don haka su na karantawa yara da murya ne. Na matakin farko a intanet suka fi samuwa kyauta: African Storybook, StoryWeaver da Bloom Library duk suna da labaran Hausa da aka yarda a sauke a buga.

Mai Ɗab'i

Yallaɓai mai laburare ya kawo inda nake jira. Ɗan kuɗin nan naku a bugu ya kamata ya tafi, kuma ga lissafin. Takardar A4 ɗaya in aka buga gaba da baya aka naɗe ta biyu, shafi 4 ce. Littafi mai shafi 16 takarda 4 ke nan. Rim ɗaya takarda 500 ne, wato littafi 125 in babu ɓarna, ku ɗauka 115. Labari 20, kowanne kofi 5, rim ɗaya ya ɗauke.

Inda ake yin asara shi ne jerin shafuka. A takardar waje, gaba: shafi na 16 a hagu, na 1 a dama. Bayanta: na 2 a hagu, na 15 a dama. Ta biyu: 14 da 3, bayanta 4 da 13. Haka har tsakiya, inda 8 da 9 za su haɗu. Duk shafi biyu da ke gefe ɗaya in ka tara lambarsu 17 za su ba ka, in ba su ba da 17 ba an yi kuskure. Manhajojin buɗe PDF da yawa suna da wurin zaɓar bugun ɗan littafi su jera da kansu, amma ku ce wa mai shagon ya juya takarda ta gajeren gefe, in ba haka ba bayan zai fito a kife. Kofi ɗaya a fara bugawa, a naɗe, a karanta daga farko zuwa ƙarshe, sannan a saki sauran.

Ku nemi firinta mai garin tawada, irin ta fotokwafi. Mai tawadar ruwa launinta ya fi kyau, amma yatsa mai yawu ɗaya ya isa ya jagwalgwala shafi. Baƙi da fari ya wadatar, yara ma su shafa wa hoton launi da kansu. Bango a yi shi da kati mai kauri, a bi gefen naɗin da faffaɗan salatif. Ƙaramar sitefula ba ta kai tsakiyar takarda: a buɗe ta, a shimfiɗa littafin a kife kan soso ko katifar roba, a danna biyu a kan layin naɗi, a lanƙwashe ƙafafun da bakin cokali ta ciki, a rufe su da salatif don kada su soki yatsa. Ɗinki da allura da zare mai kauri, huji uku, ya fi wannan daɗewa kuma ba ya tsatsa da damina.

Kafin ku buga komai daga intanet, wanda ya iya ƙa'idar rubutu ya karanta shi. Wasu labaran an bar ɓ, ɗ, ƙ babu lanƙwasa, wasu Hausarsu fassara ce mai tauri, wasu kuma da rubutun Nijar aka yi su, inda 'y take fitowa ƴ. In ku za ku rubuta naku, ku sauke nau'in haruffan da ake kira Andika, kyauta ne, don masu koyon karatu aka yi shi, yana da masu lanƙwasa duka, kuma a ɗinsa irin wadda ake rubutawa da hannu ce. Girman harafi 26 zuwa 30 ga matakin kore. A mayar da aikin PDF kafin a kai shago, in ba haka ba kwamfutar da ba ta da wannan nau'in za ta fito maku da ɗan akwati a gurbin ƙ.

Kuma ku rubuta naku ɗin. Shafi takwas a kan hasumiyar Gobarau, ko rijiyar Kusugu, ko hawan sallah, ko mai ƙosai ta bakin layi, da hoton da aka ɗauka da waya, jimla ɗaya a shafi.

Malamin Allo daga Daura

Assalamu alaikum. Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Malama, Allah ya ƙara sani, ina da gyara ɗaya. An yi magana kamar yaran nan ba su taɓa ganin harafi ba, alhali mafi yawansu suna zuwa allo ko Islamiyya. Yaron da ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ya riga ya san cewa baƙi shi kaɗai ba ya furtuwa sai an sa masa wasali: wasali bisa ya ba da ba, wasali ƙasa bi, rufu'a bu. To wannan ita ce dabarar da kuke son koya masa. Don haka a ganina bayan a, a kawo i da u, a bar e da o daga baya, kuma a faɗa masa ƙarara cewa abin da ya sani ne, sai dai a boko wasalin a gefen baƙi yake zama, ba sama ko ƙasa ba. Za ku ga yadda yake saurin kamawa.

Abin da zai ruɗe shi shi ne hanya. A allo daga dama yake farawa, a nan daga hagu. Yaro ya rubuta sunansa daga dama ba wauta ba ce. Ku sa ɗigo babba a kusurwar hagu ta katakonsa ku ce daga nan motar boko take tashi. Cikin 'yan makonni zai raba su.

Lokaci kuma, in kuka sa Asabar ko Lahadi da safe kun yi karo da Islamiyya, kuma iyaye ba za su zaɓe ku ba. Alhamis bayan la'asar ita ce sarari, domin boko an tashi, allo da yawancin Islamiyyu suna hutu. In kuna son zama na biyu, Juma'a bayan la'asar, amma ku tambayi malaman unguwarku, wasu da yammacin Juma'a suke komawa. A sallami yara da sauran rana, kowa ya isa gida kafin kiran magariba, musamman 'yan mata. Da azumi a rage ko a ɗaga.

Kafin ku tara yaro ko ɗaya, ku je wa mai unguwa da limamin masallacinku da littattafan a hannu, su buɗe su gani. Jita-jitar "ana koya wa yara wani abu a zaure" ba ta tashi a inda liman ya riga ya duba ya yi sanarwa bayan salla. Cikin littattafan sadaka duk wanda ke da aya ko hadisi a ware shi sama, kada ya yi yawo a tabarma. Almajirai in za su shigo, a nemi izinin malaminsu da girmamawa, ba a janye su ta bayan fage ba. Ƙofar zaure a buɗe, manya biyu a ciki kullum, kuma babu bulala. Yaron da ba dole aka yi masa ya zo ba, ranar da aka dake shi ranar ya daina zuwa.

Ɗan Ƙofar Marusa

Allah gafarta Malam, mun gode, haka Malama da sauran iyayenmu. Mun dakatar da kafinta. Saura abu biyu. Iyaye mata da yawa a layinmu ba su yi boko ba, to littafin da yaro zai kai gida wa zai karanta masa? Sannan ta yaya za mu san ko aikin yana ci, tunda ba jarrabawa za mu yi ba?

Malamar Aji Ɗaya

Allah gafarta Malam, na karɓi gyaran a, i, u, haka ya fi.

Ƙanena, uwar da ba ta yi boko ba tana da aiki babba a nan, sai dai a faɗa mata shi ƙarara, kuma mace ce za ta shiga gida ta faɗa. Ku nemi mata biyu, ko daga kwamitin kula da makarantar firamarenku ko malaman Islamiyyar matan aure. Abin da za a roƙa kaɗan ne: minti goma bayan sallar isha ko kafin a kwanta, yaro ya buɗe littafin ya nuna mata hoto, ita ta tambaye shi wane ne wannan, me ya faru, sannan me. In ya fara haɗa baƙi, shi zai karanta mata, ita kuma kunnenta ya isa ya gane in abin da ya faɗa ba Hausa ba ne, ta ce sake dai. Yayye maza ko mata da ke aji biyar ko shida su karanta wa ƙanne, su ma nasu karatun yana gyaruwa. Kaka kuma a ɗauki tatsuniyarta a waya da izininta, a rubuta ta da gajerun jimloli, a buga, a mayar mata da kofi ɗaya jikanta ya karanta mata.

Awo kuma ba ya buƙatar jarrabawa. Takarda ɗaya: haruffa 10 a cakuɗe, gaɓoɓi 10, kalmomi 5, da ɗan labari mai jimla 4 da ba a taɓa karanta masu ba. Ku zauna da yaro shi kaɗai a gefe, minti uku, ku rubuta matakin da ya tsaya. In ya kai labarin, a yi masa tambaya biyu a kai, domin akwai mai furtawa daidai bai san abin da ya karanta ba. Ku yi wannan a makon farko kafin a koyar da komai, ku sake bayan wata uku da wata takardar mai nauyi iri ɗaya. Da sakamakon za ku sake raba rukuni, ba da shekaru ko aji ba. Ɗan aji uku da ya tsaya a haruffa ya zauna da masu haruffa, amma a ba shi riƙon katuna ko rabon alli don kada ya ji an mayar da shi baya.

Wanda wata uku suka wuce yana zuwa kullum amma bai motsa ba, kafin a ce ba shi da ƙwaƙwalwa a duba kunne da ido. Ka tsaya bayansa taku uku ka kira kalma a hankali ya maimaita, kunne ɗaya a toshe, sannan ɗayan. Ka lura ko yana kai littafi dab da hanci ko yana ƙanƙance ido in ya kalli allo. A tambayi uwar ko kunnensa yana zubar da ruwa, ko ya taɓa yin ƙyanda ko sanƙarau, domin duka suna iya taɓa ji. In an ga alama a shawarci iyaye su kai shi asibiti, kafin nan kuma a zaunar da shi gaba, kusa da bakin mai karatu.